Moto ba kamyo ba ne: mu dubi ƙafar baya kafin mu ɗora kaya



Yau ina so mu yi magana a kan wani ɗan ƙarfe da kowa ke zama a bisansa kullum, amma ba mai kallonsa sai ranar da ya kayar da shi. Ina nufin ƙarafan nan biyu masu rasor da ke gefen ƙafar baya ta moto, waɗanda makanikai ke kira shokazoba, waɗanda suka koyi aiki da faransanci kuma su ce amortiser.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne abin da ya sami innata, ƙanwar mahaifiyata, mai sayar da kayan miya. Wata Litinin, ranar kasuwar Maradi, ta yi sammako ta sari tumatir kwando biyu da buhun zogale a Jiratawa. Ta tsayar da ɗan kabu-kabu, yaron ya dubi kayan ya ce: «Inna, wannan sawu biyu ne.» Ta ce: «Haba yarona, kuɗin sawu biyu ai shi ne ribar tawa. Ɗaura kawai, Allah na nan.» Yaro ya ji kunyar babba, ya ɗaura. Ba su yi nisa ba suka faɗa wani rami da bai kai zurfin kwano ba. Bayan moto ya dira har taya ta goge ƙarfen da ke bisanta, kan moto ya shiga rawa, suka zube. Tumatir ya zama miya a bisa hanya, inna ta karye a wuyan hannu, ta yi sati 6 ba ta je kasuwa ba, wata ta zauna wurinta, masu sayenta suka saba da wata.

Duk wanda ya zo dubiya cewa yake tsautsayi ne, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ban musa ba. Amma na je na ga moton da idona. Shokazoba ɗaya man cikinsa ya tsiyaye tuntuni, ƙura ta manne masa kamar kunu. Ɗayan kuwa an cusa masa guntayen tsohuwar taya tsakanin zoben rasor, wai don ya yi ƙarfi. Tun ranar nake cewa a raina: wannan tsautsayi mu muka yi masa shimfiɗa, da mai moto, da mai tuƙi, da mai kaya.

Bari mu yi lissafi, tun da mu mutanen lissafi ne. Yawancin ƙananan baburan da ke yawo a Maradi, Damagaram, Tawa da Konni masu inji 100 zuwa 150 ne, kuma nauyin da aka ƙera su su ɗauka, a haɗa mai tuƙi da wanda aka goya da kaya, bai wuce wajen kilo 150 ba. Yana rubuce a ɗan littafin da ke zuwa da sabon moto, wanda muke jefarwa tare da kwali. To buhun hatsi mai tiya 40 kilo 100 ne. Yaro mai tuƙi, a ce kilo 65. Hajiya mai kaya, a ce kilo 80, ban da jakarta. An tashi kilo 245 ke nan, wato an zarce da kusan buhu guda cur. Buhun siminti kilo 50 ne, mun sha ganin uku ko huɗu a bayan moto. Bido mai lita 25 idan an cika shi da ruwa kilo 25 ne, da esansi kuwa wajen kilo 19, kuma wanda ya san hanyar Ɗan Isa ko ta Magariya ya san guda nawa ake jerawa. Buhun albasar Galmi kuwa, da hularsa da komai, kowa ya san ya fi ƙarfin kilo 100.

Kada a ce masu ƙera moto ba su san halinmu ba. A shekara ta 1974 kamfanin Honda na Japan ya tura injiniyoyinsa suka zaga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, suka ga moto ɗaya ɗauke da iyali guda, suka ga ba a canza mai sai ya zama baƙi ƙirin. Da suka koma gida suka fitar da CG125 a 1975, moto mai jure wahala da rashin kula. Da yawa daga baburan Sin da suka cika kasuwanninmu a kan samfurinsa aka ƙera injinsu. Amma ko wannan da aka yi don talaka yana da iyaka. Inji na iya jan buhu biyu ya yi ta gurnani, shi ya sa muke ruɗuwa. Abin da ke gazawa a ɓoye shi ne ƙafar baya da abin da ke riƙe da ita.

Shi shokazoba abu biyu ne a haɗe. Na farko rasor, wanda ƴan Najeriya ke ce wa sifirin, shi ke ɗaukar nauyi. Na biyu bututun da ke tsakiyarsa, akwai mai a ciki da ɗan fistan mai ƙananan ƙofofi. Idan rasor ya lanƙwashe zai miƙe, dole man ya bi ta ƙofofin nan a hankali, shi ne ke hana moto yin tsalle kamar ɗan akuya. Mutane na zaton aikinsa kawai ya sa zama ya yi daɗi. Babban aikinsa shi ne ya riƙe taya a manne da ƙasa. Tayar da ke tsalle a iska ba ta jin birki, ba ta jin kwana.

Duka tazarar da ƙafar baya ke da ita ta hawa da sauka a irin waɗannan babura ba ta kai tsawon tafin hannu ba, santimeta 8 zuwa 10 ce. Ƙa'idar masu aikin ita ce, idan an hau an ɗora kaya moto na tsaye, kada ya nutse fiye da kashi ɗaya cikin uku na wannan tazara, wato wajen santimeta 3, faɗin yatsu biyu. Sauran kashi biyun ajiya ce don rami da gargada. Idan nauyi ya cinye ajiyar tun a tasha, ramin farko ƙarfe zai bugi ƙarfe, bugun kuma ya wuce kai tsaye zuwa firam, zuwa wayoyin ƙafa, zuwa ƙugun wanda ke zaune. Iyayenmu mata da ke kukan ciwon baya duk daren kasuwa, a duba nan ma.

Akwai abu na biyu da ya fi wannan haɗari. Moto kamar sikeli yake. Idan baya ya nutse, gaba ya ɗaga. Ƙafar gaba, wadda ita ce ke juya moto kuma ita ce mai birkin da ya fi kamawa, sai ta yi sakayau. A kwalta kan moto ya riƙa rawa, a rairayi ya riƙa zamewa. Da dare fitila ta bar hanya ta koma haska rassan itace da idanun mai zuwa. Ga shi an saba a kai moto wurin mai walda a ƙara wa kariya tsawo ta fito can bayan taya. Duk kilon da aka ɗora a wannan wutsiya ya fi na bisa kujera ɗaga gaba, kamar yadda yaro ƙarami ke ɗaga babba a lilo idan ya koma can ƙarshen itace.

To mene ne abin yi? Na farko kyauta ne, ko dala ba a biya. Ku duba shokazoba na yawancin baburanmu, a gindin rasor akwai wani zobe mai matakala kamar tsani, galibi mataki 5. Sabon moto yakan zo a kan mataki na ƙasa ko na biyu, wanda ya dace da mutum ɗaya marar jiki. Akwai ɗan lakile mai ƙugiya da ake juya zoben da shi. Wanda ke ɗaukar mutum da kaya kullum ya kai shi na huɗu ko na biyar, kuma tilas hagu da dama su zama a mataki ɗaya. Na tambayi ƴan kabu-kabu da dama a tashar unguwarmu, wasu sun yi shekaru suna tuƙi ba su taɓa juya shi ba. Alhazanmu masu jiki da ke hawa nasu moton zuwa shago, ku ma da ku nake: wanda ya kai kilo 100 shi kaɗai, matakin ƙasa ba nasa ba ne.

Ga yadda za a gane ko an dace. A kafa moto a kan ƙafarsa ta tsakiya har tayar baya ta bar ƙasa. A samo kara, a auna daga tsakiyar ƙafar baya zuwa wani wuri a gefen kariya, a yi alama. A sauke moto, mai tuƙi ya hau, a ɗora irin nauyin da aka saba ɗauka, a sake aunawa. Idan bambancin ya tsaya wajen yatsu biyu, madalla. Idan ya kai yatsu huɗu, a ƙara mataki. Sai dai a gane wani abu: juya zoben nan ba ya ƙara wa rasor tauri, ɗaga bayan moto kawai yake yi ya maido masa da ajiyarsa. Idan an kai mataki na ƙarshe moto na nan yana nutsewa, to rasor ɗin ya yi wa aikin kaɗan, ko ya gaji, sai canji.

Shi kuma man da ke ciki, gwajinsa sauƙi gare shi. A danna bayan moto da ƙarfi a saki. Mai lafiya zai taso sau ɗaya ya tsaya. Wanda ya mutu zai yi ta lilo sau biyu ko uku. A shafa yatsa a sandar da ke cikin rasor, idan an ji danshin mai, ya fara yoyo. Yawancin waɗanda ke zuwa da ƙananan babura a rufe suke, ba a buɗe su a gyara, sai dai a sauya.

Idan an zo saye, nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya nuna shi ɗan kasuwa ne. A tafi da tsohon a hannu, a gwada tsawo daga ido zuwa ido, domin wanda ya fi tsawo sosai yana ɗaga moto, ya canza jan sarƙa, wanda ya gaza kuma ya sa taya ta riƙa taɓa sama. A dubi kaurin ƙarfen rasor, wanda aka yi don kaya ya fi kauri, wani ma rasor biyu gare shi, ƙarami cikin babba. Akwai wanda zobensa ke matse a gefe ɗaya a buɗe a ɗayan, irin wannan yana da laushi idan ba kaya, ya ƙara tauri idan nauyi ya hau, ya dace da mai tafiya da kaya ya dawo wayam. A sayi biyu tare, kada a haɗa sabo da tsoho, don moto zai riƙa karkata. Kuma kada ƙyalli ya ruɗe mu. Akwai masu ɗan tulu a gefe, na gaskiya iskar gas ce a ciki da ke hana mai yin kumfa idan ya yi zafi, amma akwai na jabu da tulun ado ne kawai. Kafin a biya, a sa makanike ya danna shi ya ji ko yana dawowa a hankali. Mu da ke sayar da atamfa mun fi kowa sanin araha ba ta ado.

Yanzu ga dabarun da nake roƙo a bari. Cusa roba ko ƙusa a cikin rasor yana rage tazarar da dama ba ta da yawa. Cire shokazoba a walda sandar ƙarfe a madadinsa, kamar yadda wasu masu jigilar bido ke yi, mayar da moto amalanke ne mai gudun kilomita 70, kuma duk bugun da rasor zai sha firam ne zai sha, har ranar da zai tsage. Ƙara shokazoba biyu su zama huɗu ya fi waɗancan dama, na yarda yana hana nutsewa, amma kunnuwan da ake waldawa a jikin firam ba masu ƙera moto suka auna su ba, kuma idan an sauke kaya moton ya zama busasshen itace, taya ta riƙa tsalle a gargada. Wanda ya ga dole sai ya yi, to ya riƙa duba wurin waldar kowane sati.

Abin da na fi so a riƙe shi ne wannan: rasor mai ƙarfi ba ya mayar da moto kamyo. Ka ƙarfafa wuri ɗaya, nauyi ya koma neman na gaba mai rauni. Ku duba gefen tayar baya, bayan lambar girmanta akwai wata lamba da harafi. Idan an rubuta 47P, iyakarta kilo 175. Idan 52P ce, kilo 200. A lissafinmu na ɗazu, buhu da hajiya kusan duka a kan tayar baya suke, ga rabin nauyin moton kansa, ga rabon mai tuƙi, an doshi kilo 280. Wace taya ce za ta ɗauki wannan a kwaltar watan Afrilu, rana ta haura digiri 40? Birki ma haka, wanda aka yi don tsayar da kilo 150 ba zai tsayar da 245 a tazara ɗaya ba, ko da akuya ce ta gitta ko ɗan makaranta.

Saboda haka wanda ya gyara shokazoba ya ƙarasa ladansa. Ya sa taya mai ƙarfi, wadda aka rubuta wa 6PR ta fi mai 4PR jure kaya. Ya sa mai faci ya auna iska da ma'auni tun da safe taya na sanyi, ya daina bugun ta da ƙafa yana cewa ta yi, kuma a ƙara iska kaɗan idan za a ɗauki kaya kamar yadda aka rubuta a jikin moto. Ya duba wayoyin ƙafar baya, sako-sako ɗaya ke jawo tsinkewar saura. Ya duba robobin da ke idon shokazoba da na ƙarfen da ke riƙe ƙafar baya. Sarƙa kuma a bar mata sassauci na santimeta 2 zuwa 3, domin tana ƙara ɗaurewa idan moto ya nutse, wadda aka ja tam ba kaya tana iya tsinkewa da kaya.

Masu doguwar tafiya, irin masu bin kasuwannin ƙauye ko masu tashi daga Maradi zuwa Damagaram, kusan kilomita 240, ku sani man shokazoba yana zafi ya tsinke idan an daɗe ana gudu a hanyar jar ƙasa mai gargada, sai moto ya fara lilo ko da lafiyarsa lau da safe. Tsayawa a sha ruwa a inuwa hutu ne ga mutum da ƙarfe. Wajen ɗauri, mai nauyi ya zauna ƙasa kuma kusa da bayan mai tuƙi, marar nauyi ya hau sama. Buhu ɗaya a raba shi rabi biyu a rataya hagu da dama ya fi a kwantar da shi can ƙarshen kariya. Iyaye mata kuma a tattare zane da hijabi, domin moton da ya nutse yana kusantar da gefen tufa ga sarƙa da wayoyin ƙafa.

Na san abin da za a ce mini. Mai kaya za ta ce riba ba ta kai ta biya sawu biyu ba. Ɗan kabu-kabu zai ce idan ya ƙi ɗauka na bayansa zai ɗauka, ga kuɗin mai moto na jiransa da yamma. Mai moto zai ce kayan gyara sun yi tsada, musamman tun da aka sha rufe iyakar Najeriya, daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Duka gaskiya ne, ni ma a kasuwa nake ci. Amma innata ta ƙi biyan sawu ɗaya, ta biya kwando biyu na tumatir, ta biya mai ɗori da likita, ta biya sati 6 na zaman gida. Yaron ya kwana uku bai fita ba, mai moton ya sayi fitila da hannun birki, sannan daga ƙarshe ya sayi shokazoban da ya ƙi saye tun farko. A cikin su ukun ba wanda ya ci ribar wannan tattali.

Kirana na farko ga alhazai da hajiyoyin da ke sayen babura suna ba matasa suna kawo kuɗin rana. Moton jarinku ne. Yadda ba ku barin rufin shago na yoyo a kan kaya, kada ku bar shokazoba na yoyo. Ku sa canjinsa cikin lissafin shekara kamar taya da sarƙa, kada ku bar wa yaro ya cire daga abin da zai kai gida, don ba zai cire ba, roba zai cusa.

Na biyu ga shugabannin sandikar ƴan kabu-kabu. Ku kuka san junanku, kuna da adashe na biki da suna. Ku buɗe na kayan gyara. Ku ajiye lakilen juya zobe guda a kowace tasha, ku koya wa sababbin shiga. Ku kuma tsayar da magana ɗaya a kan kaya: buhu cikakke ya tafi shi kaɗai, mai shi ta biyo a wani moton. Idan duk tasha ta ƙi, ba wanda zai ji tsoron na bayansa.

Na uku gare ku iyayenmu mata da ƴan uwana masu sari. Kafin ki hau, Hajiya, ki dubi bayan moton kamar yadda kike duban bakin tiya idan ana yi miki awo. Idan an ɗora kaya kin ga taya ta kusa shigewa ƙarƙashin kujera, ko zoben rasor sun haɗe da juna, ko kin ga mai na naso, ki ce a sauke. Idan ku uku ne daga gari ɗaya, ku haɗa kuɗi ku ɗauki moto mai ƙafa uku ko amalanke ya kawo kayan, ku ku hau kabu-kabu da jakunkunanku. Kuma idan yaro ya ce miki «Inna, sawu biyu ne», kada ki ce ya raina ki ko yana son cutar ki. Ya fi ki sanin abin da ke ƙarƙashinsa.

Inna ta warke, ta koma kasuwa, sai dai hannun yana yi mata tsami lokacin sanyi. Yanzu ita ce ke zagaya moto tana leƙen ƙafar baya kafin ta hau, ƴan tasha har sun sa mata suna makanike. Ba ta jin haushi, cewa take gara su yi dariya da su zo dubiya.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.